Ƙafar da Na Ɓoye Maka

Dutsin-Ma,
Litinin, bayan azahar.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda na hango ka ɗazu kana faman cusa kaya a jaka. Allah Ya sa tafiyar gobe ta zama ta alheri, Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a gidan man da suka ɗauke ka aiki. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ka ci halal ɗinka cikin kwanciyar rai.

Na san za ka yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma sai ga mahaifiyarka ta miƙo maka wasiƙa daga gare ni, sai ka ce wanda ke Ikko. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ke kanka. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, kuma hirarmu ba ta wuce "auna wa Alhaji tiya goma" ko "an kira salla". Abin da nake son gaya maka ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗauko biro da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da na yi. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun da tiya ya saba.

Ran Juma'ar da ta wuce da la'asar kana alwala a bakin rumfarmu ta kasuwa, ka naɗe wando har gwiwa saboda taɓo. Ina tsaye bayanka ina jiran buta. Na ga bayan ƙafarka ta hagu. Jijiya ce ta taso tun daga bayan gwiwa, ta murɗe, ta gangaro kan sha-raɓa kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Da ka ji motsina sai ka yi wuf ka saki wandon, ni kuma na kau da kai kamar ban ga komai ba. Sallar dai na yi ta, amma hankalina ba ya cikinta. Jijiyar ta tsorata ni, amma saurin sakin wandon ya fi tsorata ni, domin ni ma haka na yi, kuma na san inda abin ya kai ni.

Ba ka taɓa ganin ƙafata ba. Tsaya ka tuna, za ka ga gaskiya ne. Shekara goma sha tara ke nan ina alwala a bayan buhuna, ina sa wando mai tsawo har ya share ƙasa. Yau zan gaya maka abin da ke ciki, da yadda na kai kaina can da hannuna.

Kakanka, mai sunanka, daga Tamawa ya taso da tiyarsa, ya yi shekara arba'in yana awo tsakanin kasuwar Kurfi da ta Dutsin-Ma. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ma'auni ba ya zama. Ranar da ya fara kama ni na ɗosana a kan buhun dawa, a gaban jama'a ya daka mani tsawa. Ya ce, "Mai hatsi na tsaye kai kana zaune? Hakimi ne kai? Wanda ya zauna shi auna, hannunshi ya mutu, mutane su ce yana tauye mudu." Daga ranar na ɗauki tsayuwa ta zama mutuncina. Tun hantsi har a tashi kasuwa ina kafe wuri ɗaya, sai dai in duƙa in ɗago, ƙafa ba ta matsawa ko taki uku. Har alfahari nake yi da hakan. Da jijiyoyin suka fara tasowa ina ɗan shekara talatin, 'yan dako suna tsokanata suna cewa jijiyar ƙarfi ce, ni kuwa ina jin daɗi kamar an ba ni sarauta.

Alamun ba su ɓoye mani ba, ni na ƙi karanta su. Da yamma ƙafa ta yi nauyi, kamar an ɗaura mata rabin buhu. Idon sawu ya kumbura har bakin takalmi ya fito a fata, da safe kuma in ga ya saɓe, sai in ce gajiya ce. Wani lokaci ina kwance sha-raɓa ta ƙulle, sai na tashi na taka. Sai ƙaiƙayi ya biyo baya, irin wanda in ka fara susa ba ka iya bari. Duk wannan na sa masa suna gajiyar kasuwa. Ina roƙon ka da girman Allah, in kana jin ko ɗaya daga cikinsu, kada ka ba shi wannan sunan.

Sai bayan shekaru wani likita a Katsina ya zaunar da ni ya yi mani bayanin da na so a ce na ji tun ina kamarka. Ya ce jini ya sauka ƙafa ba wuya, komawarsa sama ita ce aiki, don hawa ne. Tsokar sha-raɓa ita ke matsa shi sama duk lokacin da mutum ya taka, kuma a cikin jijiya akwai wasu 'yan ƙofofi da ke rufewa bayansa don kada ya zubo baya. In mutum ya kafe wuri ɗaya, tsokar ba ta aiki. In kuma ƙofofin nasa masu rauni ne, sai su saki, jini ya kwanta a ƙasa, jijiya ta buɗe ta murɗe. Na ce masa, "Likita, ashe ba tsayuwar ce ƙarfin ba?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, tafiya ce ƙarfin. Tsayuwa wuri ɗaya ita da zama wuri ɗaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Aikin da za ka je, Babana, awo ne irin nawa. Ni tiya, kai lita. Za ka yini tsaye a gindin famfo da bututu a hannu. Don haka kada ka kafe. In mota ta tashi kafin wata ta shigo, ka zagaya famfon, ko ka ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu ka sauke, kamar sau goma ko ashirin. Ba wanda zai lura, in ma sun lura su ce ɗan Katsina na rawa, ba komai. In an ba ku hutun salla da abinci, ka samu gefe ka kwanta ka jingina ƙafafu a bango ko kan benci su fi ƙirjinka tudu, ko na minti goma ne. Haka in ka koma masauki. Kakanka mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙan sa, amma a wannan ƙa'idar tasa kada ka gaje shi.

Kuskurena na biyu shi ya fi ba ni kunya, don wannan ba ƙafata kaɗai na cuta ba. Da fatar idon sawuna ta fara baƙi tana tauri, sai wata gwaggona ta zo daga Tamawa ta duba, ta kama baki. Ta ce, "Lawal, ka taka. Irin wanga shi aka yi ma ubanka, har ya koma ga Allah da gyambo. An binne maka abu a wurin tsayuwarka." Na yarda nan take, domin ya fi sauƙi a ce wani ne ya yi mani. Na duba hagu na duba dama, sai idona ya faɗa kan Garba, ma'aunin da ke rumfar da ke jikin tamu, wanda ka sani, mai ba ku gyaɗa kuna yara. Ba abin da bawan Allahn nan ya yi mani, illa a shekarar wasu masu kawo mani wake daga Kutawa sun koma wurinsa. Na daina gaishe shi. Na haƙe wurin tsayuwata har zurfin kamu biyu, ban samu komai ba sai wani tsohon murfin kwalba, amma duk da haka ban saki zargin ba. Shekara uku ina turare ina wanke ƙafa da jiƙe-jiƙe, ina wuce maƙwabcina kamar ban san shi ba.

Ranar da Allah Ya ganar da ni na je neman gafararsa, sai ya saurare ni har na gama. Ya ja ni bayan buhuna, ya ɗage wandonsa. Wallahi tasa ta fi tawa murɗewa. Ya ce, "To Lawal, in ni na yi maka, ni wa ya yi mani?" Muka yi dariya har da hawaye, amma nawa hawayen ba duka na dariya ba ne.

Abin gado ne, ɗana, sana'a kuma ta ƙara masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakanka ya ba ni, ni na ba ka, ba da son raina ba. Can a Kaduna za ka samu masu cewa abokin aiki ne ya yi maka don ya ga an ɗauke ka. Kada ka saurare su. Addu'a kam ka riƙe ta safe da yamma, ba abin da ya fi ta, amma ka yi ta kana kan hanyar asibiti, kuma kada ka ɗauki alhakin kowa.

Na uku shi ne wanda ya buɗe mani ƙofar wahala. Ka san mu da ƙaho. Ciwon baya ƙaho, ciwon kai ƙaho. Da na ga jijiyar ta yi baƙi-baƙi, sai na ce ai mataccen jini ne ya taru, a zuƙe shi a huta. Ran kasuwar Kurfi na je wurin wani tsohon wanzami da ke yi mana aski tun muna yara. In faɗi gaskiya, mutumin bai so ba. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Malam Lawal, wagga fata ta yi laushi, ban son taɓa ta. Bari in yi maka a baya." Na ce ni a nan nake so, kusa da idon sawu inda ya fi ƙaiƙayi. Na matsa masa har ya yi tsaga uku ya kafa ƙaho. Jini ya fito baƙi, na ce alhamdu lillahi, ga cutar nan ta fita. Kwana biyu na ji sakayau.

Biyu daga cikin tsagar sun warke. Ta ukun ita ce har yau nake ɗaurewa.

Da ta ƙi rufewa sai na shiga haukan magani. Na buɗe kafso na barbaɗa garin a ciki. Na sa garin bagaruwa, na sa toka, har wani ya ce man birki na mota, na sa. Na yanko robar tayar keke na ɗaure ƙasan gwiwa tamau, wai kada cutar ta hau sama, ashe hanyar komawar jinin nake ƙara toshewa. Kowane magani na sa, bakin ciwon sai ya ƙara faɗi, har ya kai girman murfin gwangwanin madara, yana ruwa yana wari. Mahaifiyarka ce kaɗai ta sani. Ita ke wanke tsummokaran ta shanya su a bayan rumbu inda ba za ku gani ba. Sau nawa ta ce mu je asibiti, ina ce mata namiji ba ya kai ƙurji gaban likita.

Don haka ka ji da kyau. Kada reza ko aska ko allura ta kusanci jijiyar nan, sai a hannun likita. Jinin da ke ciki ba matacce ba ne, jininka ne da ya rasa hanyar komawa, in an zuƙe shi wani zai cika wurin kafin ka iso gida. In tana ƙaiƙayi kada ka sosa da farce, ka wanke ka shafa man kaɗanya ko basilin don kada fatar ta bushe ta tsage. In ka ga idon sawu ya fara sauya launi, ko ka ji rauni a wurin ya wuce mako biyu bai rufe ba, to ba na kemis ba ne, ba na mai tallar magani a mota ba ne.

Yanzu bari in ba ka labarin ranar da aka ce maka ƙusa ce ta yanke ni. Kana aji biyu a makarantar kwana lokacin, ƙarya muka yi maka.

Ranar kasuwa ce, da kaka, hatsi ya cika ko'ina. Kakanka na wajen uwa, Malam Barau, ya kawo gero daga Kutawa, yana zaune kan tabarma a cikin rumfata ina auna masa. Ka san tsakanina da shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ina cikin awo sai bakin wani kwando ya ɗan karce ni a ƙwauri, daidai kan wani ƙullin jijiya. Ban ma ji zafi ba. Ɗumi kawai na ji a cikin takalmi. Da na duba, jini ne ke tsartuwa ta cikin wando, har ya fara ɓata geron da ke kan shimfiɗa.

Me na yi? Na tsaya. Na ciro rawanin wani na ɗaure cinya, jinin ya ƙaru. Mutane suka taru, wannan ya ce a sa ƙasa, wancan ya ce a kawo gishiri. Sai ga wata mata ta ratso taron, ma'aikaciyar jinya ce ta zo sayen wake, Malama Rabi sunanta, Allah Ya saka mata da alheri duk inda take. Ta ce, "Malam, kwanta! Kwanta ka ɗaga ƙafar sama!" Na dubi inda zan kwanta. Rumfar ƙarama ce, buhuna ta ko'ina, in na kwanta na ɗaga ƙafa to tafin ƙafata daidai fuskar surukina zai tsaya. Na ce mata ba komai, zan iya a tsaye. Ta ce, "A tsaye jinin ba zai tsaya ba, sai ya ƙare!" Na fara ganin duhu-duhu, kunnuwana suna ƙara, amma wallahi ina tsaye ina tunanin abin da za a ce a Kutawa.

Sai tsohon nan ya miƙe. Mutumin da bai taɓa yi mani magana ta wuce gaisuwa ba. Ya kama kafaɗata ya kwantar da ni kan geronsa, ya tsuguna, ya ɗauki ƙafata mai jini da hannunsa biyu ya ɗora a kan kafaɗarsa. Ya ce, "Lawal, kunyar da za ta sa ɗiyata takaba, ban son ta. Riƙe abarka." Malama Rabi ta kwance rawanin da na ɗaure, ta ninke ɗankwalinta na cikin jaka ta danna kan wurin da ƙarfi. Kafin a samo mota jinin ya tsaya. Farar rigar tsohon kuwa ba ta sake sawuwa ba.

Na yi kuka ranar, ba na ciwo ba. Kuma ga abin da za ka riƙe daga ciki. In jijiya ta fashe maka, ko a gaban manajanku ne, ko a gaban sarki, ka kwanta, ka ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinka, ka danne wurin da tsumma mai tsabta kada ka saki, sannan a kai ka asibiti. Kada ka ɗaure sama da wurin, kada ka sa ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za ka ce to daga nan na yi hankali. Ina fa. Uban naka taurin kai gare shi kamar jaki. Daga asibitin garin nan aka tura ni Katsina. Suka shafa mani wani abu mai sanyi a ƙafa, suka bi jijiyoyin da na'ura suna kallo a allo, har likitan ya nuna mani inda jinin ke zubowa baya. Suka duba sukari, suka auna ko jini na sauka ƙafar yadda ya kamata, don ya ce sai an tabbatar da haka kafin a matse ƙafa. Suka wanke gyambon suka naɗe da bandeji tun daga yatsu har gwiwa, ba kamar robar kekena ba. Cikin 'yan watanni ciwon da ya shekara biyar a buɗe ya rufe. Sannan wata ma'aikaciya ta zo da tef irin na tela ta auna idon sawuna da sha-raɓata. Ta ce, "Baba, kai da ke auna wa mutane, yau ga ka a mudu." Aka ba ni safa ta musamman mai matsewa, aka ce in sa ta da safe kafin ƙafa ta kumbura, in cire in zan kwanta.

Wata huɗu na sa ta. Da bazara ta zo zafi ya dame ni, ga 'yan kasuwa suna ce mani ɗan ƙwallo, ga wahalar cirewa a kowace alwala. Maimakon in tambayi malami yadda mai lalura ke yi, sai na yanke wa kaina hukunci, na cusa ta ƙarƙashin katifa. Likitan kuma ya ce akwai aikin da za a yi a rufe jijiyar da ta lalace, ko da allura, ko da zafi ta wani siririn bututu, ko a cire ta, gwargwadon abin da hoton ya nuna. Na ce masa, a zare mani jijiya ƙafa ta shanye? Ya rantse mani cewa akwai manyan jijiyoyi a can ciki da za su ɗauki jinin, wannan ta saman ɓarna kawai take yi. Na ce zan yi shawara. Shawarar ce har yau, shekara goma sha uku. Gyambon ya dawo a damina ta biyu, kuma tun daga nan yana rufewa yana buɗewa.

Ka taɓa lura a masallaci kullum ina ƙarshen sahu, jikin bango? Na ji ka taɓa ce wa ƙannenka Baba na son iskar taga. Ba iska ba ce. Ba na iya naɗe ƙafar hagu in zauna a kanta wajen tahiya, sai na miƙe ta gefe, kuma ba na son ta taɓa kowa ko wani ya ji wari. Wannan shi ya fi ci mani rai a duk abin. Na tsaya wa masu hatsi shekara talatin da biyar, yau ga shi ba na iya zama daidai a gaban Ubangijina.

Na san abin da kake tsoro, don na san ɗana ko ban kira sunansa ba. Shekara uku kana yawo da takardunka kafin wannan aikin ya samu. Kana ganin in aka san ƙafarka da matsala za a ce ba ka iya tsayuwa, a ba wani. Ban ce ka bar aikin ba, kuma ban ce ka yi shela ba. Taka yanzu ta fara, fatarka lafiya lau, ba baƙi ba rauni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka samu ranar hutunka ta farko, ka je babban asibiti ka ce likitan jijiyoyin jini kake son gani. Ka naɗe wandon da kanka tun kafin a ce ka naɗe. Ka gaya masa ubanka da kakanka duk suna da ita, kuma aikinka na tsayuwa ne. In ya ce hoto, ka yi. In ya ce safa, ka bari a auna ka, kada ka sayi ta gwanjo a bakin titi, kuma kada ka ce za ka ɗauki tawa, kowace ƙafa da mudunta. In sun tsokane ka da ɗan ƙwallo, ka ce eh, kai ne mai tsaron gida. Maganar alwala kuma na tambayi limaminmu daga baya, ya yi mani bayani cikin minti biyar, addini bai matsa wa mai lalura ba. Kai ma ka tambayi malami a can. Wanda ya kula da ƙafarsa shi zai daɗe a bakin famfo. Wanda ya ɓoye, wata rana ciwon ne zai sallame shi, ba manaja ba.

Abu ɗaya kuma da ba ya jiran ranar hutu. In ka wayi gari ƙafa ɗaya ta kumbura gaba ɗaya farat ɗaya, tana zafi tana ciwo, ko jijiyar ta yi tauri ta yi ja, ko ka ji numfashi na yanke maka da ciwon ƙirji, kada ka murza, kada ka gasa da ruwan zafi. Likita ya ce yana iya zama jini ne ya daskare a ciki, kuma yana iya tafiya huhu. A ranar, a sa'ar, ka tafi asibiti. Gobe ma a mota kada ka bari su danne ka da kaya har Kaduna. Ka riƙa motsa ƙafa, in an tsaya a Funtuwa ka sauka ka taka, ka sha ruwa. Kuma in albashi ya fara shiga, ka yi hankali da tsire da lemon kwalba, nauyin jiki ƙafa ke ɗaukarsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na rubuta duk wannan. Na san halin ɗan Adam, kuma na san jinin da ke jikinka. Za ka karanta, ka ce to Baba, ka ninke takardar ka sa a jaka, ka ce za ka yi shawara. Ni ma an gaya mani, ji bai ishe ni ba. Kuma da wane baki zan tura ka wurin likita alhali ni na gudo daga wurinsa? Don haka ran Asabar, washegarin ranar da na ga ƙafarka, na ciro tsohon katina daga cikin akwati. Mahaifiyarka ta zaci tuni na ɓatar da shi. Na je an sake rubuta mani takardar Katsina, ran Alhamis ta sama zan tafi, Garba zai raka ni, shi ma ya ce a duba tasa. In sun ce aiki, na yarda. Tsoro kam ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma na fi tsoron in ga ka a ƙarshen sahu, jikin bango.

Allah Ya yi maka albarka, Babana. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ƙafafun da za ka nemi abinci da su, Ya sa su kai ka inda alheri yake su dawo mana da kai lafiya. Ya jiƙan mai sunanka, Ya jiƙan Malam Barau. Abin da na yi maka na shiru a shekarun nan, ka yafe mani.

Motarku sai ƙarfe tara. In mun dawo daga masallaci da safe, kafin ka shiga sallama da mahaifiyarka, ka biyo ta ɗakina. Za ka tarar da ƙofa a buɗe, da ruwan ɗumi da sabon bandeji a kan tabarma. Yau shekara goma sha tara ita ke wanke mani, gobe kai nake so ka kwance shi da hannunka, ka duba da kyau, kada ka kau da kai kamar yadda na kau ran Juma'a. Gani ya kori ji. In ka gama, sai ka nuna mani taka.

Ba sai ka ce komai ba. Ni zan fara naɗe wandona.

Mahaifinka,
Lawal Ma'auni.